Kafin ki haɗa mai ciki da abokinta a labari, ɗauko kalanda

Matan da ke turo min rubutunsu a waya daga unguwannin Asawase, Tafo da Sabon Zango a nan Kumasi, ƙasar Ghana, har da Nima can Accra, kusan duk labari ɗaya ke ransu: mace ta wayi gari da cikin da ba ta shirya masa ba, wanda ya kamata ya tsaya mata ya zame, sai wani da ta ɗauka tamkar ɗan'uwa ya tsaya, daga nan zuciya ta fara aikinta. Labari ne mai daɗi, shi ya sa kowa ke son taɓawa. Amma yawancinsu suna mutuwa tun kafin babi na goma, kuma ciwo ɗaya ke kashe su. Marubuciyar ta sa ciki a babin farko don a yi kuka, ta manta da shi, ta shiga kwatanta motoci da leshi, sai can a ƙarshe a ji kukan jariri. Ni ɗinki nake yi a unguwar Aboabo, rubutu sai dare in na rufe shago. Ga yadda nake bi da irin wannan labari.

Ki bar zaɓen suna da kwatanta idon yarinya tukuna. Ɗauko takarda ki ja layi 40, kowane layi mako ɗaya, don haka ungozoma ke lissafi a asibiti: mako 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Wannan takardar ita ce awon da tela ke ɗauka kafin ya sa almakashi. Laulayi yakan taso wajen mako na 6, ya lafa tsakanin na 12 da na 14. Mai cikin fari ba ta jin motsi sai wajen mako na 18 zuwa na 20, don haka kada yarinyarki ta dafa mara a wata na biyu tana cewa ya shure ta. Babban mayafi yana iya rufa asiri har wata na biyar, daga nan kuma sai dai a yi haƙuri. Idan kin cike wannan, sai ki ɗora kalandar gari a kai. Ruwan Kumasi yana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan huta, ya dawo a Satumba da Oktoba, hunturu kuma ya shigo daga Disamba. Azumi fa, a wane wata na cikin zai faɗo? In a na uku ne, lokacin da ba wanda ya sani, wa zai fara lura tana amai bayan sahur? In a na takwas ne, za ta sha ko za ta daure don kada a ce? Babi biyu ko uku kin samu ke nan ba ki ƙirƙiri mugu ko ɗaya ba.

Sai tambayar da wasu ke gudu: cikin na wane ne, kuma ta wace ƙofa ya shigo? Akwai cikin da aka yi ba aure. Akwai na matar da miji ya rasu ya bari, sai tana cikin takaba ta gane. Akwai kuma na wadda aka saka, ta koma gidan iyaye, bayan 'yan makonni ta ga wata ya wuce.

Ta farkon ita kowa ke rugawa, don tana da kuka da yawa. Ban hana ki ba, amma ki san abin da kika ɗauko. Mafi yawanmu a zango Malikiyya muke bi, kuma a mazhabar ba a ɗaura wa mai irin wannan ciki aure sai ta haihu. Hanafiyya da Shafi'iyya sun yarda a ɗaura. Ke nan wannan babin da aboki ke zuwa da dare ya ce a ɗaura da shi gobe don a rufa asiri, limamin lungunku ba zai yarda da shi da sauƙi ba, mai karatu kuma ta sani. Kuma in yarinyar ba ta kai 18 ba, ba labarin soyayya ke hannunki ba. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta sa 18 ne mafi ƙarancin shekarun aure. Wannan wani littafi ne daban, na komawa makaranta bayan haihuwa da abin da ya kamata a yi wa wanda ya yi cikin.

Ni ƙofa ta uku nake so, kuma a kanta zan daɗe, don duk injin labarin yana cikinta.

Mu ce sunan yarinyar Memuna, tana taya uwarta sayar da koko da kose a bakin titi. Mijinta, mu ce Mutala, ya yi tafiya neman kuɗi, rigima ta haɗa ta da uwarsa, ya turo saki ɗaya ta saƙon murya a WhatsApp. Ta kwashe kayanta ta koma gida, duk da aya ta farko ta Suratul Ɗalaƙ ta ce a yi idda a ɗakin miji, abin da kusan ba mai yi a wajenmu. Kowa na lissafin tsarki uku ta gama. Sai ga ciki. Aya ta 4 ta surar ta ce iddar mai ciki sai ta haihu. Iddar da ake zaton ta wata uku ce ta koma ta wata bakwai ko takwas, kuma duk tsawon wannan lokaci, tunda saki ɗaya ne, Mutala yana da ikon ya ce ya mayar da ita, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure, ba sai ta yarda ba. Ciyarwarta ma tana wuyansa, aya ta 6 ta faɗa, ko yana turowa ko ba ya turowa.

To ga abokinta, mu ce Awudu mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku. Ba shi da damar neman aurenta. Ko shaguɓe ba shi da dama. Rangwamen da aya ta 235 ta Baƙara ta yi na a ɗan nuna alama, a kan mai takaba ne da makamanciyarta. Wadda mijinta ke da ikon kome matar mutum ce har yanzu, kuma zuga matar wani ta ƙi mijinta babban laifi ne. Kin ga abin da kika samu? A labaran Turawa marubuciya sai ta sha wahala ta ƙirƙiro dalilin da zai hana mutum biyu faɗa wa juna abin da ke ransu, rashin fahimta ko wasiƙar da ta ɓata. Ke shari'a ta ɗaure miki bakin namijin da kanta, na wata da watanni, kuma mai karatu za ta girmama shi saboda shirun. Ta kuma ba ki agogo. Duk ƙarar wayar Memuna, gaban mai karatu zai faɗi, ko Mutala ne ya kira ya ce ya mayar da ita. Ranar da ta haihu bai faɗa ba, igiya ta tsinke.

Abotar kuma sai ta sami tushe, don a zango saurayi da budurwa ba sa zama abokai haka kawai ba a yi magana ba. Ki haɗa su a gidan haya ɗaya tun suna yara, layin famfo ɗaya, makarantar allo ɗaya, bulalar malam ɗaya. Ko ya zama abokin yayanta, ko ɗan kawunta, abokin wasanta, wanda al'ada ta ba shi lasisin tsokana. Abu ɗaya ki toshe tun da wuri: a gidan da mata ke karɓar wa juna goyo, tsohuwa mai karatu za ta tambaya ko sun sha nono ɗaya. Layi guda ya isa, wata gwaggo ta ambata a cikin hira cewa sai da aka yaye shi suka tare a gidan.

Yanzu ga wurin da ake gane marubuciya. Yaya abota ke juyewa in ba a yarda kowa ya furta komai ba? A wajenmu so yana shigowa da kunya ne. Mutum biyu da suka saba zagin wasa, ranar da abin ya shiga tsakaninsu wasan ne ke fara mutuwa. Don haka ki cika babobin farko da surutu:

"Awudu, kuɗin kokona na ran Talata fa?"

"Rubuta a littafi. In na zama Alhaji zan biya har da riba."

"Alhajin pragya? Allah ya nuna mana."

Sannan ki dawo da su a wata na bakwai, ranar awo:

Ya tsaya a bakin lungu bai danna hon ba. Ƙanwarta ta riga ta shige. Memuna ta taho a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da littafin awo a cikin leda.

"Ina kwana," ta ce, idonta a ƙasa.

"Lafiya lau. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ta ga an ƙara sabon soso a kujerar baya, an lulluɓe shi da tsohon zane. Ba ta tambaya ba. Duk inda aka yi tudu a kwalta sai ya taka birki ya haura a hankali, direbobin motocin trotro na baya suna zaginsa da yaren Twi. A ƙofar asibiti ta miƙo kuɗi. Ya dubi kuɗin, ya juya wajen ƙanwar.

"Ki ce wa yayarki ba ni da canji."

Ba wanda ya ce yana son wani. Ta daina kiran sunansa, shi kuma ya koma aika saƙo ta bakin yarinya alhali ga ta a gabansa. Kada ki biyo bayan wannan da sakin layi uku na bayanin abin da zuciyarta ke raya mata. Mai karatu ta riga ki isa can. Ƙanwar ma ba ado ba ce, ita ce ke hana a ce sun keɓe, kuma ita ce bakin da zai kai labari gida ba da niyya ba.

Asibiti ki rubuta shi yadda yake. In ba ki taɓa zuwa awo ba, ki raka wata, ki zauna a benci tun safe ki buɗe kunne. Za ki ji nas tana wa'azin cin ganye da Twi, wata 'yar zango tana fassara wa baƙuwar da ta zo daga arewa. Za ki ga ana gwada jini da fitsari, ana auna hawan jini, ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini da gidan sauro. Daga mako na 16 ake fara ba mai ciki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma a gaban nas ake haɗiye shi, ba a tafiya da shi gida. Tun 2008 inshorar lafiya ta ƙasa ke ɗaukar nauyin awo da haihuwa, don haka labarin da aka gina shi kacokan kan rashin kuɗin ganin ungozoma zai yi wa 'yar Kumasi baƙo. Inda kuɗi ke tafiya daban ne: hoton ciki a waje, maganin da aka ce a sayo, kuɗin mota, da doguwar takardar kayan haihuwa, Dettol, ledar shimfiɗa, audugar mata, tsofaffin zannuwa, sabulu. Ki sa wani ya saye kayan nan ya aje a ƙofar ɗaki ba suna. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Tafiya takwas ke nan a pragya, kowace da abin da ya sauya.

Kuma ki daina jefa mai ciki daga bene don ki sami tashin hankali. A zango benen nawa ne? Haɗarin gaskiya ya fi wannan ban tsoro: ƙafa da fuska su kumbura bayan mako na 20, ciwon kai mai tsanani, ido ya riƙa ganin dishi-dishi, jini ya hau, in ba a yi sauri ba a kai ga jijjiga. Ko jini ya yi ƙasa. Daga ƙaramin asibiti a tura ta babban asibitin Komfo Anokye, Gee kamar yadda muke cewa, cikin dare. In an ce ana buƙatar jini, dangi ake cewa su kawo wanda zai bayar a maye gurbi. Wa zai miƙa hannu? Kuma da aka tambaye shi shi wane ne a wajenta, me ya ce? Wannan amsar, kalma ɗaya ko biyu, ta fi shafi goma na kalaman soyayya nauyi, sai ki zauna ki zaɓe ta da kyau.

Masu hana ruwa gudu kuwa, ki ba kowa gaskiyarsa. Uwar Awudu ba mayya ba ce. Shekaru ta yi tana zubin adashi don lefen ɗanta na fari, tana hango budurwa da kwanakin biki da yayin da ƙawayenta za su ɗinka. Ranar da ta ce, "Duk 'yan matan Asawase ba su ishe ka ba sai mai goyon wani?" ya kamata rabin masu karatu su ji haushinta, rabi su ce ai ko su ne. Ana iya ƙara maganar asali, tunda zango taron Hausa ne da Mosi, Dagomba, Wangara, Kotokoli, Zabarma da Fulani, harshe ɗaya a titi amma in aure ya taso sai a tuna kakan kowa. Kada dai ki mai da shi babban jigo, zai janye labarin daga kan cikin. Ga kuma ɗaki. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, masu gida kuwa na shekara ɗaya ko biyu suke nema. Mai pragyar da yake biyan balas kullum ga mai mashin, ina zai ajiye mata da jariri?

Mutala shi ne wanda aka fi ɓatawa. In kin yi shi mashayi mai duka, labari ya ƙare tun a babi na biyu, don ba wanda zai yi shakkar abin da ya dace. Ki yi shi mutum mai zafin zuciya wanda ya yi nadama, yana can yana wahala a ƙasar mutane, ya ji zai sami ɗan fari, uwarsa kuma da ta haddasa rabuwar yanzu ita ke aiko da tuwo da miyar ayoyo. Sannan ki rubuta babin da ya fi kowane wuya: dattawa su ce Awudu, tunda shi take jin maganarsa, ya je ya lallashe ta ta koma. Ya je kuma, ya faɗa da gaske. In mijin ya mayar da ita ita kuma ba ta so, hanyarta hul'i ce, kuma tunda Ghana ba ta da kotunan shari'ar Musulunci, zaman a gaban limami za a yi shi ko a fadar Sarkin Zango, da waliyyai da kawunnai. Ki rubuta zaman da muryoyin mutane, wanda ke ta jawo aya da wanda yake duba agogo don shagonsa na kasuwar Kejetia a rufe yake.

Haihuwa ba ita ce ƙarshen littafi ba, ko da yake nan ne ƙololuwa. Rana ta bakwai akwai suna. Rago na dangin Mutala ne, yaro kuma sunan ubansa zai ɗauka, aya ta 5 ta Ahzab ba ta bar wa kowa zaɓi ba. Aikin Awudu a ranar shi ne kafa rumfa da jera kujeru, ya ci waakye, wato shinkafa da wake, a tsaye a bayan gida. Kada ki ɗaura aure ran suna don kin gaji da rubutu. Ki bar ta ta yi jego, ta yi arba'in, jikinta ya dawo, ta sami lokacin tambayar kanta ko son mutumin take yi ko nauyin alherinsa take ji. Tambayar nan dole ta fito daga bakinta, in ba haka ba aurensu zai yi kama da biyan bashi.

Akwai kuma ƙaya ta ƙarshe da marubuta da yawa ba su san da ita ba. A Malikiyya, uwa in ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, haƙƙin riƙo yana barin hannunta ya koma wajen mahaifiyarta. Dangin uba sukan fake da wannan su ce a ba su ɗansu. Ta ɓangaren hukuma kuma kotun iyali tana duba abin da ya fi wa yaro alheri ne, tana kuma la'akari da muhimmancin ƙaramin yaro ya zauna da uwarsa. Ke nan amsa wa Awudu tana da farashi, kuma Memuna ce za ta auna. Ni nakan bar yaron a ɗakin kakarsa, lungu ɗaya da ɗakin amarya, yana kwana nan yana wuni can, don haka na ga ana yi. Ke kina iya zaɓar wata hanyar, in dai kin nuna wa mai karatu abin da aka rasa.

Maganar harshe gajeriya ce. Littattafan soyayya na Kano da muka taso muna aron su hannu zuwa hannu sun koya mana rubutu, amma kada ki kwashe mutanen Aboabo ki sa musu bakin Kanawa. Bayanin marubuciya ki yi shi da daidaitacciyar Hausa don 'yar Zariya da 'yar Maraɗi su bi ki, zancen mutane kuma ki bar masa ƙamshin zango, da ɗan Twi a bakin nas da kwandasta, gwargwadon yadda za a gane daga abin da ke faruwa.

Kafin ki saki babi na farko, mutum biyu su ga takardar kalandarki: ungozoma ko nas, da malamin da ya karanta Risala. Ki karanta musu wuraren da suka shafe su kawai, ba sai sun ji labarin duka ba. Gyaran da za su yi miki a zama ɗaya ya fi wanda za a yi miki a gaban mutum ɗari biyu a guruf.

Sannan ki tuna su wa ke sauraronki. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnatin Ghana, don haka mata da yawa a nan da Hausa suke mafarki amma karanta ta a boko yana yi musu nauyi. Duk babin da kika rubuta, ki kuma karanta shi da murya ki tura, minti goma zuwa sha biyar, bayan isha'i lokacin da aka gama wanke-wanke. Karantawar ma gyara ce, duk jimlar da ta sarƙe miki harshe ki sake ta. Babobin farko ki bayar kyauta har zuwa ranar da uwar Memuna ta gane, daga nan mai son ci gaba ta turo kuɗi ta waya, ta MoMo. Ki rubuta aƙalla babi biyar a ajiye kafin ki fara saki, don wuta na iya ɗaukewa, ɗinkin Sallah na iya danne ki. Babin naƙuda kuma ki sake shi dunƙule a dare ɗaya. In kika raba shi biyu kika ce sai gobe, har shago za su biyo ki.